Ƙarar kiɗan biki da ekutar a kunne: yaushe sauti ke zama cuta?

Shin da gaske ƙarar kiɗa na kurumtar da mutum, ko kuwa faɗan iyaye ne da ba su son ganin waya maƙale a kunnen yaro? Wannan gardama ba ta ƙarewa a Damagaram. A cikin gida uwa ta kira ɗanta sau uku bai amsa ba, sai ta fizge ekutar daga kunnensa tana cewa, "Wannan abin sai ya kashe maka kunne." A unguwa kuma, daga Birni har Garin Malam, duk daren da aka kafa manyan lasifikoki a bakin titi saboda biki, maƙwabta na gunaguni, masu biki na cewa kwana ɗaya ne, a yi haƙuri. Kusan kullum a kan tarbiyya da haƙƙin maƙwabtaka maganar ke tsayawa. Ɓangaren lafiya, wanda shi ne ba ya gyaruwa idan ya ɓaci, ba kasafai ake taɓo shi ba.

Uwar tana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa wani ɓangare na jinsu saboda yadda suke sauraron sauti. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta buga a 2022, wanda ya tattara bincike 33 daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na matasa suna sauraro a waya da ƙarar da ke iya cutarwa, kusan kashi 48 kuma suna shan irin wannan ƙara a wuraren shagali. Amma faɗin "zai kashe maka kunne" kaɗai ba ya hana yaro komai, domin yana ganin ya kwana ya tashi yana ji ras. Sai an bayyana masa yadda abin yake.

Ƙarfin sauti da tsawon lokaci, su biyu ake haɗawa

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai wajen desibel 60. Titi mai cunkoson motoci da kabu-kabu yana kai 80 zuwa 85. Gaban manyan lasifikokin wasa kuwa, 100 zuwa 110 ba abin mamaki ba ne.

Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne wannan ma'auni ba ya hawa kamar kilo ko mita. Mutum zai ɗauka tsakanin 80 da 100 tazara ce kaɗan. Ba haka ba ne. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin da ke dukan kunne ya ninka biyu, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya ragu da rabi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya a 2019 ta ce baligi zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba, yaro kuma desibel 75. Idan ƙarar ta hau 85, awa 40 ɗin nan ta koma awa 12 da rabi. A 90, awa 4. A 95, awa ɗaya da kwata. A 100, kimanin minti 20 ne kawai a mako gaba ɗaya. A 110, minti biyu da rabi.

To, a yi lissafi da bikin unguwa. Idan ƙarar ta kai desibel 100 a inda ƴan mata ke rawa, kuma aka yi awa uku ana kiɗa, wadda ta tsaya a wurin daga farko har ƙarshe ta cinye kason mako tara a dare guda. Sannan kason ba na kiɗa kaɗai ba ne. Duk ƙarar da ta shiga kunne a cikin makon tare ake lissafa ta. Saurayin da ya yini a gaban injin niƙa, ko a shagon walda yana yankan ƙarfe, ko a kan babur daga Tasha zuwa kasuwar Dole, ya dawo fada, wurin hirar samari, da dare ya ƙure ekutar, shi ya riga ya ci bashi tun kafin ya kunna waƙar farko.

Ba sai da na'ura ake gane an wuce gona da iri ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tsawon hannu da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta kai wajen 85 ko fiye. Idan sai ka kai bakinka kunnensa ka yi ihu, kuna cikin haɗari sosai.

Abin da ƙara ke yi a can cikin kunne

Da yawa suna zaton dodon kunne ne ke fashewa. Hakan na faruwa a fashewar wani abu ko mari mai ƙarfi, kuma sau da yawa fatar na iya haɗewa da kanta. Ɓarnar kiɗa ta fi wannan zurfi. Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku, bayansu kuma akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta kusan 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne, kowace da wasu siraran gashi a kanta. Sauti ya shigo, ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, sai saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ji.

Ƙara mai tsanani tana galabaitar da waɗannan ƙwayoyin. Misalinsu kamar gero ne da ya fara tsiro. Idan shanu suka ratsa gonar sau ɗaya, shukar ta kwanta, bayan kwana biyu ta miƙe. Idan suka mayar da wurin hanyarsu ta kullum, sai ya zama burtali, ko an yi ruwa ba abin da zai fito. Mutum da adadin ƙwayoyin da aka haife shi da su zai rayu. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsirar da nasu idan sun lalace, ɗan Adam ba ya yi. Har yau babu allura, babu ƙwaya, babu tiyatar da ke dawo da wadda ta mutu.

Shi ya sa ƙugin nan da mutum ke ji a kunne bayan ya dawo daga biki, ko jin kamar an toshe masa kunne da auduga, ba alamar biki ya yi armashi ba ce. Rauni ne aka ji. Galibi yakan lafa cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake raina shi. Amma a 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a gwajin da suka yi da ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a ma'auni, wani ɓangare na mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiyar ji ya riga ya tsinke har abada. Kunne ya farfaɗo a zahiri, amma bai koma yadda yake ba.

Dalilin da ya sa ba a ankara da wuri

Cutar ba ta zuwa da zafi, ba jini, ba kumburi. Kuma siraran sautuka take fara ɗauka, irin su "s", "sh", "ts" da "f". Manyan sautuka suna nan, don haka mutum yana jin ana magana, amma kalmomin sun cakuɗe masa. A ɗaki shiru shi da mutum ɗaya ba matsala. A wurin ɗaurin aure, ko a kasuwa, ko a aji mai ɗalibai da yawa, sai ya riƙa cewa "Na'am?" da "Me ka ce?" Ya fara ƙara sautin rediyo har mutanen gida su yi ƙorafi. A ƙarshe a ce ya cika girman kai, an gaishe shi bai amsa ba, ko a ce wa yaro daƙiƙi alhali rabin abin da malam ke faɗa ne ke isa gare shi. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna. A garin da gaisuwa da hira su ne rabin zaman duniya, wanda jinsa ya ragu yakan janye daga mutane a hankali, su ma su janye daga gare shi, ba wanda ya san cewa kunne ne sanadi.

Akwai kuma waɗanda ƙugin ba ya barinsu. Dare ya yi, gari ya yi tsit, su kuwa suna jin wani siririn kuka ko shuu a ka, barci ya gagara. Wasu kan danganta shi da iska ko hawan jini, su yi ta neman magani ta wata hanyar.

Maganar "kunnena ya saba da ƙara" kuwa, wadda ake yawan ji daga bakin masu kayan sauti da masu injin niƙa, ita ce ta fi kowace haɗari. Kunne ba ya ƙara ƙarfi da horo kamar dantse. Idan ƙarar da ke damunka bara ta daina damunka bana, mai yiwuwa ji ne ya ragu.

Ekutar: laifin na'ura ne ko na mai riƙe da ita?

Ana yaɗa maganganu iri-iri, wasu su ce mai waya ta fi marar waya lafiya, wasu su ce akasin haka. Kunne bai san bulutut ba, bai san waya ba. Abin da ya sani shi ne ƙarfin sautin da ya iso shi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Haka kuma bai bambanta abin da ake saurare. Waƙar soyayya, sharhin ƙwallo, fim, wa'azi ko karatun Alƙur'ani, duk wanda aka ƙure wa sauti illarsa ga waɗancan ƙwayoyin ɗaya ce. Na faɗi haka ne domin akwai bayin Allah da ke kwana da ekutar a kunne suna sauraron karatu har asuba, suna ganin gargaɗin na masu jin waƙa ne kawai.

Wayoyi da yawa, idan aka kai sautinsu ƙarshe, suna iya kai desibel 100 ko fiye a cikin kunne. Saƙon nan da ke fitowa a fuskar waya idan kana ƙara sauti, wanda kowa ke danna "OK" ba tare da ya karanta ba, daga ƙa'idar Tarayyar Turai ya samo asali: na'ura ta yi gargaɗi idan za a haye desibel 85, kuma kada ta wuce 100. Wurin da saƙon ya fito, nan ne iyakar.

Me ke sa mutum ya haye iyakar? Yawanci hayaniyar da ke kewaye da shi. Ɗan kabu-kabu na son jin waƙa a kan ƙarar injinsa da iska da hon. Ɗalibi na son ji a kan janaretan maƙwabta. Matafiyi a motar Maraɗi ko Yamai, tafiyar awoyi masu yawa, yana gasa da ƙarar inji da fim ɗin da aka kunna a gaba. Kowannensu na ƙara sauti ba tare da ya ji ya yi yawa ba. Saboda haka ekutar mai bakin roba da ke rufe ramin kunne sosai, ko babba mai lulluɓe kunne gaba ɗaya, ta fi wadda ke rataye sako-sako, domin tana tare hayaniyar waje, mutum ya ji daɗin sauraro da ƙaramin sauti. Masu kashe hayaniya da lantarki sun fi, sai dai tsada. Amma a kan babur babu wadda ta dace. Wanda ba ya jin hon na motar da ke bayansa, matsalarsa ta wuce ta kunne.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya mai sauƙi ce: kada sauti ya wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarshen ƙarfin wayar, kuma a riƙa cirewa ana hutar da kunne. Wayoyi da yawa suna da wurin ƙayyade iyakar sauti a cikin saituna. Uban da zai ba ɗansa waya, ya fara shiga can.

Biki da wasa: kowane ɓangare da hujjarsa

Mai kayan sauti zai ce maka sana'arsa ce. Idan kiɗansa bai kai unguwa ta gaba ba, gobe wani za a kira. Uwar amarya za ta ce ba za a yi bikin ɗiyarta kamar zaman makoki ba. Matasa za su ce sai ka ji kiɗa na dukan ƙirjinka kafin rawa ta yi daɗi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ƙarar biki a wurinmu ta zama shelar arziki da yawan jama'a, kuma ba zan ce a daina murna ba.

Wasu kuma sukan kawo hujjar gado: kakanninmu sun yi kalangu da ganga, har gobe ana busa kakaki da algaita a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, wa ya kurumce? Amsar ita ce makaɗi da hannu yake kiɗa, yana gajiya, yana hutawa, a fili ake yi, kuma mai kallo na iya matsawa. Lasifika mai aiki da lantarki ba ta gajiya, kuma ƙarfinta ya ninka na ganga sau da yawa. Ban da haka, su kansu makaɗa da mabusa, a kowace al'umma, suna cikin waɗanda ji ke raguwa gare su da wuri.

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda ba a tambaye su ba. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana tsaye gab da lasifika. Yaran unguwa da ke rige-rigen zama a gindinta, wasu har su jingina da ita don su ji tana girgiza. Tsohuwar da ɗakinta ke jikin bangon da aka kafa kayan. Babba idan ƙara ta dame shi zai tashi. Jariri ba zai iya ba, kuma nasa kunnen zai yi masa aiki shekara sittin ko saba'in nan gaba. A ganina a nan ne hujjar "kwana ɗaya ne" ta faɗi, domin lissafin da muka yi a sama ya nuna abin da kwana ɗaya ke iya ci.

Wasu ƙasashe sun sa doka. A Faransa, dokar 2017 ta hana wuraren kiɗa wuce desibel 102 a matsakaicin minti 15, da 94 idan taron na yara ƙanana ne ƴan shekara 6 zuwa ƙasa, ta kuma wajabta wa wuraren da ke kiɗa a kai a kai ba da abin toshe kunne kyauta da tanadar wurin hutawa daga ƙara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ma'aunin na wuraren shagali, inda ta sa iyakar a desibel 100. A kula, wannan ba ya nufin 100 lafiya ce. Iyaka ce da aka sa tare da tsammanin mutane za su toshe kunne, su riƙa fita suna hutawa, kuma ba kullum suke zuwa ba.

Mu bikinmu a titi da tsakar gida ake yi, ba mai zuwa da na'urar awo. Don haka maganar tana hannun mutum biyu: mai biki da ya biya kuɗi, da mai riƙe da maɓallin sauti. Abin da za su iya yi bai kai kuɗin goro ba. A ɗora lasifika a sama, kada a ajiye ta a ƙasa daidai kunnen yara. A bar tazara tsakaninta da kujeru. A rage sauti lokacin cin abinci da gaishe-gaishe. Kuma idan sauti ya fara fashewa yana karkarwa, an wuce ƙarfin kayan ne, ragewa ma sai ta ƙara wa kiɗan daɗi.

Dabarun da ke aiki da waɗanda ba sa aiki

Tazara ita ce kariya mafi arha. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika, sautin na raguwa da kimanin desibel 6, wato lokacin da kunnenka zai jure ya ninka huɗu. Wanda ya tashi daga mita 2 ya koma mita 8 ya rage wajen desibel 12. A cikin ɗaki ko zaure raguwar ba ta kai haka ba, saboda bango na dawo da sauti.

Abin toshe kunne na soso, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa, yana aiki idan an sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama da baya, a tura, a riƙe har ya kumbura. Ko desibel 15 kawai ya rage, ya mayar da 100 zuwa 85, minti 20 ya koma awa 12 da rabi. Akwai kuma na mawaƙa, wanda ke rage ƙarfi ba tare da dusashe kiɗan ba, kuma duk mai sana'ar sauti ya kamata ya nemi irinsa, tunda da kunne yake cin abinci. Auduga da takarda kuwa kusan ba sa tare komai, sai dai su sa mutum ya saki jiki ya ƙara matsawa kusa. Ɗiga mai ko wani ruwan magani a kunne ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan, domin ɓarnar tana can ciki inda ruwan ba ya kaiwa, kuma idan dodon kunne ya huje yana iya jawo wata cutar. Bayan dare mai ƙara, a ba kunne aƙalla yini guda na shiru, ba ekutar, ba wani bikin.

Me ya sa lamarin ya fi nauyi a wurinmu

Kunnen ɗan Damagaram yana da abokan gaba tun kafin a zo maganar kiɗa. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin zafi da ƙura, kuma jihar nan ta yi fama da ɓarkewarsa a ƙarshen 2022 zuwa 2023. Kurumta na cikin abin da yake bari ga wasu da suka tsira. Ƙyanda ma haka, da kunnen yara mai zubar da mugunya da aka bari ba magani. Wasu magunguna, irin su allurar jentamisin da sitireftomisin, suna iya taɓa ji idan ba a bi ƙa'ida ba, kinin kuma yana sa ƙugin kunne. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya rage masa ji, abin da ya saura gare shi kaɗan ne, bai kamata a bar ƙara ta cinye shi ba.

Gyara kuma yana da wuyar samu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce kimanin mutum miliyan 40 ne ke fama da raunin ji a yankin Afirka, kuma adadin na iya kai miliyan 54 nan da 2030, alhali a fiye da rabin ƙasashen yankin likitan kunne, hanci da maƙogwaro bai wuce ɗaya ga mutum miliyan ba. Na'urar taimaka wa ji tana da tsada, tana buƙatar batir da mai saita ta, kuma ƙara sauti kawai take yi, ba ta mayar da kunne sabo.

Yaushe za a nufi asibiti

Idan ƙugi ko toshewar kunne ya wuce kwana biyu bayan biki ko wasa, a je a ga likita. Haka idan mutum ya lura yana wahalar fahimtar magana a cikin taro, ko mutanen gida sun fara cewa yana ƙure rediyo. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta taru, a wanke ta a asibiti a huta, don haka kada tsoro ya hana zuwa, kuma kada a sa tsinke ko ashana. Mai wayar zamani na iya fara gwada kansa da manhajar hearWHO, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kyauta a 2019, ko da yake ba ta maye gurbin awon asibiti.

Akwai hali ɗaya da ba ya jiran gobe. Idan ji ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya, ko an ji ƙara ko ba a ji ba, musamman idan da jiri, a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a ranar. Maganin da ake bayarwa a irin wannan hali a kwanakin farko ya fi yin tasiri, kuma idan aka yi makonni ana jiran ya buɗe da kansa, damar na raguwa ƙwarai. Jaririn da ba ya firgita idan an buga ƙofa, ko yaron da ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, shi ma a kai shi a auna jinsa, musamman idan ya taɓa kwanciya da sanƙarau ko ƙyanda.